Shirin Tafiya Kirgistan a Tsakiyar Hunturu: Matakai Daga Gwajin Jini Zuwa Hawan Dutse

Tun da na dawo daga Kirgistan, wata ƙasa mai tsaunuka a tsakiyar nahiyar Asiya, ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kara ran kasuwar Maigatari, har a wajen zaman makoki sai wani ya ja ni gefe: ɗansa ya samu gurbin karatun likita a Bishkek, ko ƙanensa za a tura kwas, wace irin rigar sanyi za a saya masa? Kowa riga yake tambaya. Ni ma da riga na fara, lokacin da aka ce zan je horon sati shida kan kiwon tumaki a yankin Narin cikin watan Janairu, kuma tun daga nan na ɓata lissafi. Abu biyu ne ke jiran mutum a can, sanyi da tsayin ƙasa. Na sanyi ana sayen maganinsa a kasuwa. Na tsayi kuwa sai ka san jininka, sannan ka ba jikinka kwanaki. Shi ya sa na jera matakan yadda ya kamata a bi su, ba yadda ni na bi su ba. Wanda zai je Tajikistan ko Nepal, yawancin abin da ke nan ya shafe shi. A ware wata uku don shirin.

1. Nemo tsayin garin da za ka kwana

Kada ka tsaya a kan "Kirgistan za ni". Tambayi mai gayyatarka sunan kowane gari da za ka kwana a cikinsa, ka duba tsayinsa a intanet, ka rubuta a takarda. Don ka samu abin kwatance: Kano tana kusan mita 480 daga doron teku, Jos kusan 1,200, dutse mafi tsayi a Najeriya kuwa, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Bishkek, babban birninsu, tana wajen mita 800, ba ta ko kai Jos ba. Birnin Osh da ke kudancin ƙasar kusan 1,000. Amma garin Narin ya haura 2,000, kuma kafin ka isa sai motarka ta ƙetare mashigin Dolon mai mita 3,030. Hanyar mota daga Bishkek zuwa Osh ma tana ratsa wani ramin dutse a Too-Ashuu wanda ya fi mita 3,000.

Ga amfanin lambobin. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6. Daga mita 2,500 kuma ciwon tsayi yake fara kama mutane sosai, domin iska tana yin shara-shara. A mita 3,000, numfashi ɗaya yana kawo maka kusan kashi 70 cikin 100 ne na iskar oksijin da zai kawo a bakin teku. Ɗalibin da zai zauna a Bishkek sanyi ne babbar matsalarsa, sai ranar da abokai suka ɗebe shi yawon kan dutse. Wanda za shi Narin ya haɗu da duka biyun.

2. Asibiti kafin kasuwa

Wannan shi ne matakin da na fi so a karanta sau biyu.

Fara da gwajin rukunin jini, wanda ake ce wa jinotayif, a san ko kai AA ne, AS ko SS. Da yawa a ƙauyukanmu sai an zo maganar aure ake yinsa, wasu ma ba a yi. Babban asibitin ƙaramar hukuma yakan yi. In kana son tabbaci ka maimaita a Asibitin Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse.

Gargaɗi: mai sikila, SS ko SC, kada ya yanke shawarar wannan tafiya sai da likitan da ke duba shi. Sanyi, ƙarancin iska da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma a can ukun a haɗe suke. Mai AS kuma, wanda a gida bai taɓa jin komai ba, kada ya ce ba ruwansa. A kan tsauni jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗa. Wanda ya ji haka ya sauko ƙasa ya nufi asibiti, ya kuma faɗa wa likita rukunin jininsa da bakinsa, don likitocin can ba kasafai suke ganin sikila ba. Ka riƙe takardar sakamakon a cikin fasfonka.

Na biyu, a auna yawan jininka. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya tsotse a ƙarshen damina, ko macen da ba ta daɗe da haihuwa ba, suna buƙatar makonni na maganin ƙarin jini kafin tafiya. Shi ya sa ba a barin asibiti sai satin ƙarshe. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko suga ya gaya wa likita tsayin da zai je, da lamba, ya kuma ɗauki maganin da zai kai shi har dawowa cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Mai juna biyu ta nemi shawara kafin a biya kuɗin tikiti, ba bayan an biya ba.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kirgistan ta rabu da shi tun 2016. Ma'ana, in ka tafi da shi a jikinka ya tashi a can, za a iya ɗaukarsa mura ko ciwon tsayi, tunda duk ciwon kai ne da kasala. Yi gwaji kwana biyu ko uku kafin tashi, ka tafi da cikakken maganinsa wanda likita ya rubuta. In zazzaɓi ya rufe ka a can, kalmar farko da za ka faɗa ita ce daga Najeriya kake, a gwada maleriya.

Ka tambayi likita game da ƙwayar Diamox, wadda ke taimaka wa jiki sabawa da tsayi. Yadda aka saba bayarwa don rigakafi shi ne miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Tana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu. Kada ka saye ta a kemis da ka, musamman in maganin da ke da salfa yana yi maka illa ko kana da matsalar ƙoda.

3. Takardu

Fasfo: sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa su yi daidai da na fasfon harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad yau, Mohammed gobe, a nan ake ɓata wata guda. Daga Satumba 2025 kuɗinsa naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. Cike a intanet, ka biya a can, ka je ofishin shige da fice na Kano ko Dutse a ɗauki hotonka. Mai tsohon fasfo ya duba ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Katin rigakafin shawara, wanda ake ce wa yalo kad: a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, a wajen jami'an lafiya na filin jirgi. Sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Biza: ɗan Najeriya na buƙata, kuma ta intanet ake nema. Makaranta ko hukumar da ta gayyace ka ita ya kamata ta turo takardar gayyata ta kuma nuna maka irin bizar. Duk ejan ɗin da ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido a gyara a can, ka riƙe kuɗinka. Ka yi inshorar lafiya ta tafiya, ka sa a karanta maka ko ta ƙunshi wuraren da suka haura mita 2,500, don wasu suna cire wannan. A ƙarshe ka yi hotokofi biyu na komai, ɗaya a jakarka ɗaya a hannun wani babba a gida.

4. Tufafi: hawa uku, babu auduga a jikin fata

Mu a hunturu dabararmu ita ce tara kaya: singileti, riga, wata rigar, babbar riga, a ɗora bargo. Hakan na aiki a Gumel, inda asuba ce kawai ke cizo, hantsi na yi rana ta gasa ka. A Narin cikin Janairu digiri 20 ƙasa da sifili da dare ba labari ba ne, kuma rana tana fitowa tar amma babu ɗumi a cikinta. Ranar farko da na fita, na ja numfashi na ji gashin hancina ya sandare kamar tsintsiya.

Aibin auduga shi ne tana shan gumi ta riƙe. Ka ɗan yi tafiya ka jiƙe, ka tsaya, jiƙaƙƙiyar singiletin ta koma ƙanƙara a bayanka. Shadda, yadi, atamfa da wandon jins duk wannan halin gare su. Ka je da kaftani ɗaya saboda Juma'a, a sa shi a kan kayan sanyi.

Tsarin shi ne:

- Na jikin fata: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na roba irin yadin rigar 'yan ƙwallo. Saiti uku.
- Na tsakiya: suwaita ta ulu ko mai laushin nan kamar bargon jarirai. Biyu.
- Na waje: jaket mai kauri wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, mai hula, wadda ta sauko ta rufe ɗuwawu. Sai wando mai tare iska.

Hikimar hawa uku ita ce cirewa. Gidaje, motoci da ajujuwa a Bishkek da ɗumi suke, sai ka rage ɗaya, in za ka fita ka mayar.

Hawa na ɗaya da na biyu a gwanjo za ka same su, Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, kuma kuɗin sabuwar jaket guda a kanti zai iya haɗa maka su gaba ɗaya. Mai hali ya saya tun bazara, lokacin da babu mai kallon suwaita. Da zarar Nuwamba ta shigo, kuɗin ya tashi. Ka je da sassafe ranar da ake fasa dila. Duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki, wanda ke faɗin irin zaren, in auduga ce ka ajiye. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Jaket kuma ka kafa bakinka a jikinta ka hura da ƙarfi, hannunka ɗaya a ciki: in ka ji iskar ta fito, iskar dutse ma za ta shiga. Da na yi haka mai rumfar ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ko Rasha ka je da ita sai ka yi gumi." Na saya saboda kauri da araha. A kwana na uku a Narin na gane kaurin soso ne kawai, iska na shiga ta hannu da wuya kamar an buɗe taga. Shawarata: ka ɗauki jaket mai dama-dama daga gida wadda za ta kai ka masauki, ta gasken ka saya a can.

Mata: dogon wandon ciki da wando mai kauri a ƙarƙashin siket ko abaya, hular ulu a ƙarƙashin hijabi. Zani da doguwar rigar da ke jan ƙasa suna kwasar dusar ƙanƙara su jiƙe, a ɗan ɗage su.

5. Ƙafa, hannu, kai da fata

Takalmin sanyi na gaske da wuya ka same shi a Kano. Ka tafi da sau-ciki mai kauri da safar ulu, washegarin isarka ka sa a raka ka kasuwar Dordoi, wata ƙatuwar kasuwar kwantena a gefen Bishkek, ko Osh Bazaar a cikin gari. Nemi but, wato takalmi mai dogon wuya, mai gashi a ciki, mai ƙasan roba mai zurfin zane. Gwada shi da safa mai kauri a ƙafarka, ya zama yatsunka na motsi. Takalmin da ya matse yana tsayar da jini, ƙafa ta fi saurin daskarewa. Takalmin fata mai santsin ƙasa irin na zuwa ɗaurin aure kuwa, a kan ƙanƙara kamar ka taka kuɓewa ne.

Safar ƙafa ta ulu ƙafa biyar. Safar hannu biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje. Hular da ke rufe kunne, don zanna bukar da damanga ado ne kawai a can. Rawani kuwa ya yi mini rana fiye da tsammani: na naɗe wuya, baki da hanci, iskar da nake shaƙa ta ɗan ɗumama, tarin da ya addabi abokan tafiyata bai kama ni sosai ba. In ya jiƙe da tururin numfashi a sauya shi.

Man kaɗanya ko basilin: fuska, leɓe, cikin hanci da dunduniya, safe da dare. Bushewar can ta fi ta hunturunmu, haɓo da faso ba sa jira. Baƙin tabarau mai tare hasken rana dole ne. Dusar ƙanƙara tana mayar da haske cikin ido, yini guda a fili ba tabarau na iya sa ka kwana kana jin kamar an zuba maka yashi a ido.

Gargaɗi: littattafai suna cewa wurin da sanyi ya ci yakan yi fari ko ja. A baƙar fata ba lallai ka ga haka ba. Ka dogara da ji. In yatsa, kunne ko hanci ya daina jin zafin sanyin, ya mutu, ya yi tauri, to ya fara ci. Kada ka murza, kada ka kara a wuta ko jikin murhu, za ka ƙone ba ka sani ba. Sa hannun a hammata, ko a ruwa mai ɗumin jiki irin na wankan jariri, sannan a nemi asibiti.

6. Kuɗi da haɗa jaka

Tikiti ne ke cinye kaso mafi girma, kuma yana tsada a ƙarshen Disamba. Hanyar da aka fi bi ita ce Abuja zuwa Santambul, daga nan Bishkek, a jirgin Turkish Airlines. Bayan tikiti ka ware kuɗi kashi huɗu: takardu da asibiti, kayan gwanjo, but da jaket da za ka saya a can, sai na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya ko hayar motar saukowa daga dutse cikin gaggawa.

Kuɗinsu som ne, kuma naira ba ta canzuwa a can. Ka nemi dala ta banki ko a Wapa, 'yan 50 da 100, sababbi, babu yagewa, babu tambari ko rubutun biro. Masu canjin can suna ƙin tsohuwar takarda ko su karya mata daraja. Kada ka dogara da katin bankinka na gida shi kaɗai.

A jakar hannu: jaket, hula, safar hannu, saitin kayan ciki ɗaya, magunguna, takardu da fawa bank, wanda dama ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba. In babbar jakarka ta makara a Santambul, da abin da ke hannunka za ka fita cikin sanyi. Man kaɗanyar da ya wuce mililita 100 a babbar jaka zai shiga. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi adafta tun a gida.

Guzuri: yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, garin kunu, ƙuli-ƙuli, dabino, citta da kanumfari. A ɗaure da leda biyu, daddawa da uku. Kilishi da dambun nama a bar su, ƙasashe da yawa ba sa barin a shigar da nama, a banza za a ƙwace.

7. Kwana biyun farko a Bishkek

Sa kayan cikin tun a Santambul. Agogon Kirgistan yana gaba da namu da awa 5. Kada ka wuce kan dutse a ranar da ka sauka, ko da mota na jira. Yi kwana biyu, ka yi barci, ka sayi but, ka yi layin waya da fasfonka, Beeline, O! ko Mega. Tambayi mai masaukinka maganar rajistar baƙi a ranar farko, don akwai wa'adi kuma akwai tara. Lambar gaggawa 112, motar asibiti 103. Hayaƙin kwal yana lulluɓe birnin a hunturu, mai asma ya sa takunkumi, abin shaƙarsa kuma ya zauna a aljihun ciki.

Waya ma a aljihun ciki, kusa da jiki. A sanyi batir na iya faɗowa daga rabi zuwa mutuwa kana cikin magana. Harsunansu Kirgizanci ne da Rashanci, sai ka sauke manhajar fassara mai aiki ba data. Sallama tana shiga ko'ina. "Rahmat" na gode ne, "isik suu" ruwan zafi.

8. Hawa

Daga Bishkek zuwa Narin kilomita 300 da 'yan kai ne, wajen awa biyar in hanya na da kyau, a ƙaramar bas da suke kira marshrutka ko tasi ta haɗaka. Tashi da safe, don a Disamba da Janairu rana na faɗuwa tun wajen biyar da rabi. Leƙa tayoyin motar ka tambaya ko na hunturu ne. Jaket, fulas ɗin shayi da dabino su zauna a cinyarka, ba a bayan mota cikin kaya ba, saboda dusar ƙanƙara kan rufe mashigi a yi awanni a tsaye. In an ce an rufe hanya, ka koma ka kwanta.

Ƙa'idar hawa ta wurin kwana ce, ba wurin yini ba. Ƙetare mita 3,000 a mota ka sauko ba shi ne abin tsoro ba. Da ka kai wajen 2,500 zuwa 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu ka huta kwana ɗaya ba ƙari. A nan ne sannu-sannu kwana nesa take da ma'anarta ta zahiri.

Ni ban bi ba. Kwana ɗaya na yi a Bishkek, ɗaya a Narin, aka ce za a je wani ƙauyen makiyaya a sama a kwana, na ce ai ni mutumin da ke bin shanu a ƙafa daga safe zuwa la'asar ne. Da daddare kaina ya ɗauki sara kamar ana daka a ciki, shinkafarsu da nama suka ƙi shiga, in barci ya fara ɗaukata sai in farka ina haki. Da asuba na sunkuya ɗaure igiyar takalmi na ga duhu. Dattijuwar gidan ta dube ni ta yi wa direba magana, aka mayar da ni Narin, kafin magariba na warware. Wani siririn abokin tafiyarmu da nake wa kallon rago ko gezau bai yi ba. Ƙarfi ba ya hana wannan ciwo, masu ƙarfin ma su suka fi yin gaggawa.

Alamun farko sukan zo awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, ƙin abinci. In sun zo, kada a ƙara hawa. A huta, a sha ruwa, a sha farasitamol. In kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi, a sauko. Saukowar mita 500 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi.

Gargaɗi mai girma: haki alhali mutum na zaune, tari mai kumfa ko ruwan jini, tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa ko sambatu. Waɗannan alamun ruwa ne a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, kuma suna kisa cikin awanni. A sauko da shi nan take, ko tsakar dare ne, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya ana cewa iska ce ko aljanun dutse. A yi masa addu'ar a cikin mota ana gangarowa.

Sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, don sanyi na ɓoye ƙishirwa. Fitsarinka ya zama fari-fari. Kada ka sha maganin barci. In kana da ɗan abin auna iska da ake maƙalawa a yatsa, ka ɗumama yatsan tukuna, kuma ka sani baƙar fata tana iya sa ya nuna lamba mai kyau fiye da gaskiya. Yadda jikinka yake ji ya fi lambar.

9. Ɗaki da wuta

Da zan tafi, Inna ta ce, "Ɗan nan, ko in sa maka ƙaramin kaskon nan a jaka?" Na ce, "Inna, ai ba za su bari ba." Gara da ba su bari. Ɗakunanmu na ƙauye iska na shiga ta ko'ina, duk da haka kowane hunturu sai an ji labarin waɗanda garwashi ya kashe a barci. Ɗakunan can a toshe suke ruf, taga ma gilashi biyu ce. A ƙauyuka da murhun ƙarfe ko na bulo mai bututun hayaƙi ake ɗumama gida, da kwal ko busasshen kashin dabbobi. Masu gida su suka san yadda ake rufe shi da dare, kada ka taɓa marfin bututun. Kada ka kunna risho, gas ko gawayi don jin ɗumi. Gubar ba ta da wari, kuma tana farawa da ciwon kai irin na tsayi. In duk 'yan ɗakin suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa a fita.

Kafin kwanciya ka canza busassun kaya da safa. Zuba ruwan zafi a gora mai ƙarfi, ka sa ta cikin safa, ka ajiye wajen ƙafa. Banɗaki a ƙauye a waje yake, sai ka ajiye tocila da but a bakin ƙofa.

10. Alwala, salla da abinci

Daren farko na bar buta a waje yadda na saba. Da asuba na ɗaga ta na ji kamar dutse. Buta a ɗaki take kwana, ka kuma tanadi ruwan ɗumi a fulas tun dare. Yi alwala a ciki, ka goge jikinka sarai kafin ka fita, jiƙaƙƙen gemu daskarewa yake.

Sayi huffi na fata wanda ya rufe idon sawu, ka sa shi bayan cikakkiyar alwala, sai ka riƙa shafa. Kafin ka bar gida ka zauna da malaminku ya bi maka hukuncin shafa a kan huffi, taimama saboda tsoron cutarwar sanyi, da ƙasaru. Azumi a shekarun nan cikin hunturu yake faɗowa, sai ka tambayi rangwamen matafiyi musamman ranar hawa, inda jiki ke buƙatar ruwa.

Alƙibla a can ba gabas ba ce, kudu maso yamma take. Mutanen ƙasar Hanafawa ne, za ka ga la'asar ɗinsu ta ɗan yi jinkiri a kan tamu. Azahar, la'asar da magariba kusa-kusa suke zuwa saboda gajartar yini.

Ci da yawa, jiki na ƙona abinci don ɗumama kansa. Shinkafa dafa-duka da suke kira plov, taliyar lagman, romon shorpo, gurasa da shayi duk za su karɓe ka. Suna cin naman doki, har abincin girmama baƙo ne, in ba ka ci ka faɗa tun kafin a zuba. A birni ka tambayi halal. Akwai wani abin sha na gero mai suna bozo da ake yi a hunturu, kamanninsa kamar kunu, amma tsimamme ne kuma yana da ɗan maye. Wanda ya miƙo maka barasa wai maganin sanyi, ka ce rahmat ka nemi shayi. Ko ba don addini ba, tana sa jiki ya saki ɗuminsa.

11. Dawowa

Ka sauko Bishkek kwana biyu kafin ranar jirgi, saboda rufe hanya ɗaya ya isa ya cinye maka tikiti. Canza ragowar som zuwa dala a can, a Kano babu mai karɓa. Ajiye riga marar nauyi a saman jakar hannu don Abuja.

But da jaket a shanya su a inuwa su bushe sarai, a sa a leda da maganin asu, a ɗaga sama inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Nawa yanzu suna Osh a ƙafar ɗan maƙwabcinmu. Ranar da babansa ya zo aro ya ce, "Malam, a taimaka wa yaron nan da takalmin," na ce masa, "Baba, takalmi na nan, amma a kawo mini takardar gwajin jininsa in gani tukuna." Bayan kwana huɗu ya dawo da ita a ninke cikin hularsa. AA ce.